Sunan da Na Faɗa a Kumasi

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Jikata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗi, kuma na gaya mata kada ta gyara mani magana.

Zamanin Turawa ne, bayan yaƙin nan da aka kwashi samari soja. Ina zamne a Ƙofa ta ƙasar Kusada, mijina ya rasu, sai wani falke mai safarar goro ya kawo mani saƙon baka daga Kumasi. Yaron nan ne, ɗana na fari. Da ma yana lebura a hanyar mota wajen Kankia ya ga waɗansu baƙi sun kafa tanki a barikin Bature, ruwa na bin ƙarfe yana fita inda aka ce ya fita. Abin ya shiga ransa, ya bi su har ƙasarsu. Falken ya ce damina biyu ke nan yaron na haƙar rami wurin wani mai aikin famfo, kuma maigidan ya rantse ba zai ɗora mashi kayan aiki a hannu ba sai uwar da ta haife shi ta zo ta tsaya gabansa ta ce ta ba shi. Ba uba ba, ba baffa ba, uwa. In ba ta zo ba, yaro zai dawo yadda ya tafi, sai dai kanta a tafin hannu.

Baffansa ya ce aikin masai ne, ya dawo ya kama gona. Goggo, uwata, ita ta raine shi, amma gwiwoyinta sun ƙi. Ta dube ni ta ce ni zan je.

Ga inda gizo yake, don 'yan yanzu sai an yi masu bayani. A wurinmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta san da shi gaban mutane. Tun da aka yaye shi Goggo ta ɗauke shi, ya tashi cikin ƙannena yana ce mani Yaya kamar yadda suke cewa. Ni kuwa in magana ta kama dole, sai in ce ɗan Goggo. Haka uwata ta yi da yayana, haka tata uwar ta yi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma har gobe ban ga aibinta ba.

Daga Kano jirgin ƙasa na shiga. Na zamna bisa ƙullina, ban yarda na ɗora shi sama inda ake ɗora kaya ba. A cikinsa akwai kuka da busasshiyar kuɓewa da garin gero, tsarabar Goggo ga ɗanta. Daddawa kuwa a ƙugu na ɗaure ta, tare da guzurina. A wata tasha jirgin ya tsaya, na leƙa na ga an jawo wani ƙaton bututu an saka mashi a ka, ruwa na kwarara. Na ce a raina ashe jirgi ma shayar da shi ake yi kamar sa, kuma akwai wanda ya haɗa wannan ƙarfen har ruwa ya yarda ya bi. Da muka ƙetare kogin Kwara itatuwa suka fara haɗe kai, sama ta ƙanƙance. Mu mutanen fili ne, daga bayan gidanmu kana hango gonakin Dudunni. A nan kuwa ido bai da wurin zuwa.

A Ikko aka cuce ni, kuma Bahaushe ne ya cuce ni. Wani ɗan kamasho ne a tashar mota, mai farar riga da bakin zuma. Da ya ji harshena sai ya hau Inna, Inna, wai shi ma uwarsa mutuniyar Kusada ce. Na tambaye shi wa ya sani a can, ya ce Malam Musa. Wane gari ne babu Malam Musa? Na gane, amma gajiya ta ci ƙarfina, ga shi ba na jin maganar kowa sai tasa. Ya karɓi kuɗin mota har Kumasi, ya ɗora mani ƙullin a bayan wata babbar mota da hannunsa. Motar ta kai mu bakin wani ruwa ta juye mu, direba ya nuna da hannu cewa nan ce iyaka. Na kwance ƙullina, babu kuka, babu kuɓewa, babu gari, sai tsummokara da aka cusa don ya yi tudu. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mani Inna fiye da sau ɗaya kafin mu gama gaisawa, nakan dafe ƙuguna.

Waɗansu mata masu sayar da kifi suka same ni nan tsaye. Ba na jin su, ba su ji na. Babbar cikinsu, wata ƙatuwa mai ɗan kwali kamar kwando, ta ce Ankara? Na ce Kumasi. Ta kama hannuna ta saka ni kwalekwale tsakanin kwandunan kifi, ta ƙi karɓar komai. Da muka fita muka bi rairayi a ƙafa, a nan na fara ganin teku. Na tsaya. Ni da na sha tafiya da tulu tun asuba a kan ruwan da ba ya rufe gindin ƙwarya, ga ruwa har inda sama ta sauka. Na ɗiba na kai baki, gishiri zalla. Matar ta yi dariya har da dafa ciki, ta sare mani kwakwa ta ba ni na sha ruwan cikinta. Na ɓantari daddawa na ba ta. Ta sunsuna, ta gyaɗa kai, ta kira sunanta da nasu bakin. Ashe su ma suna yi.

Ƙasar Faransa muka ratsa, Kwatano da Lome, yau mota gobe ƙafa. 'Yan sandansu na tsikarar kaya da sanda. Da ɗaya ya nuna ƙuguna na kwance mashi daddawar, ya toshe hanci ya kore ni gaba, na ce Allah ya yi wa Goggo albarka. A Ankara, babban birnin ƙasar da Kumasi take, zazzaɓi ya kayar da ni. Matar wani Bazabarme ɗan dako ta shimfiɗa mani tabarma a ɗakinta, tana dafa mani ganye mai ɗaci, ban san sunanta ba har muka rabu. Ina kwance ina jin ƙarar garin, abin da na rasa a ciki shi ya fi damuna. Babu kukan jaki. Babu sautin dakan gero da hantsi. Abincinsu dokunu, ƙullun masara mai tsami a naɗe cikin ganye, ina ci ina tuna hura da nonon Fulanin da ke sauka bayan Ƙofa. Amma ban yi kuka ba. Ba kuka na je yi ba.

A Kumasi Zango na nufa, unguwar Hausawa, gidan da falken ya kwatanta mani. Mai gidan wata mace ce, Ladi, mai sayar da koko da ƙosai. Asalin iyayenta mutanen arewa ne amma a can aka haife ta, tana jin bakin Tonawa, wato mutanen ƙasar, kamar ruwa. Baki gare ta, komai ta gani sai ta faɗa. Tun ranar farko ta sa mani Bakatsiniya.

A kwanar gidanta akwai famfo. Da safe ta aike ni da bokiti don in miƙe ƙafa. Na ga yarinya ƙarama ta murɗa kan ƙarfen da yatsu biyu, ruwa ya zubo fari tas, ta murɗa ya tsaya. Na daɗe a wurin. Mijina na tuna. Duk damina kurkunu ke kwantar da shi, daidai lokacin da gona ke neman noma, ana naɗe tsutsar a tsinke tana fita kaɗan-kaɗan, shi yana kallon ciyawa na cinye mashi gero. Ruwan tafki ne, mu da shanu. Na cika bokitina na dawo.

Akwai rumfa kusa da famfon inda mutanenmu ke zama, masu goro da masu shanu. Cikinsu har da wani Tanko, mutumin Dudunni, wanda na san uwarsa. Bayan gaisuwa ya ce, "Ashe har kin taso takanas ki ga ɗan namu mai aikin masai."

Na ce, "Tanko, ruwan da ka yi alwala da shi ɗazu, aljanu ne suka kawo maka?"

'Yan rumfar suka yi dariya, shi bai yi ba. Na san daga ranar yana jira na, kuma duk abin da na yi a Kumasi zai riga ni isa gida.

Ladi ta kai ni wurin aikin. Wani sabon gini ne ake jawo wa ruwa daga babban titi, an ja dogon rami a jar ƙasa. Yaron nan na ciki har ƙirji, da diga. Ya rame, ya yi baƙi. Da ya gan mu ya fito ya durƙusa daga nesa ya ce, "Yaya, sannu da hanya." Na amsa ina kallon wani itacen mangwaro, na tambayi Ladi ko mutanen nan suna lafiya.

Maigidan nasa Batone ne, Masta Kwabina, gajere mai faɗin ƙirji, da gajeren wando da tabon ƙuna a hannuwa. Yana tsaye yana kallonmu tun isowarmu. Ya sa Ladi ta tambaye ni ko wannan ɗana ne. Na ce ɗan Goggo ne. Ladi ta harare ni, amma ta juya maganar yadda na faɗa. Ya ce yaya sunansa. Na ce ai sun san shi, tare suke aiki.

Masta ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce wannan wasan an taɓa yi mashi. Wani yaro ya taɓa hayo wata mata daga kasuwa ta zo ta ce ita ce uwarsa, aka yi bikin karɓa, wata bai ƙare ba ya gudu da ƙarfen yanka zare a bakin bututu, wanda sai an aika ƙasar Turawa ake samo shi. Ya ce waccan ma ta fi ni iya wasa, don ita har rungumar yaron ta yi. Ladi ta yi ta yi mashi bayanin al'adarmu, ya ce babu irin wannan uwar a duniya. A wurinsu ɗa na uwa ne, gado ma ta ɗakin uwa yake bi, shi ya sa tun farko uwa ya nema. Macen da aka nuna mata ɗanta ta kalli mangwaro ba ita ta haife shi ba. Ya ce yaron ya gama ramin nan, in ya kai bakin gini a sallame shi.

A hanya Ladi ta wanke ni tas. Ta ce, "Bakatsiniya, kin ƙetare ƙasa uku da teku, kin zo kin gaida mangwaro. Suna ne fa, ba garwashi ba." Na ce mata wanda bai tashi cikin abin ba ba zai gane ba. Kamar a ce maki ki kwance zane a tsakiyar kasuwa ne. Ba ƙin faɗi nake ba, harshen ne ba ya juyawa.

Na ce ta ba ni tukunyar koko in riƙa kai wa ma'aikatan. Kullum da safe sai in kafa ta gindin mangwaron nan in zamna. Ni mai kallo ce, da kallo na san duniya, kuma cikin 'yan kwanaki na gane yadda ake hawa aikin. Sabon shiga rami ne nasa da ɗaukar bututu a kafaɗa. In an karɓe shi sai a ba shi zarto ya koyi yanka ƙarfe daidai, ba karkace ba. Daga nan sai yanka zare: a danne bututun cikin wani ƙarfe mai haƙora, a ɗiga mai, a riƙa juya mashi wani ƙarfen mai hannu biyu har bakinsa ya fitar da layi-layi, yadda zai murɗu cikin ɗan'uwansa. Sai a naɗa wa zaren bawon rama, a shafa jan fenti, a ɗaure da sifana. Manya kuwa su ke narka dalma a ludayin ƙarfe suna zuba wa bakin manyan bututun da ke fitar da ƙazanta. Ramar ce ta ba ni mamaki. Ita dai ramar da muke shukawa a gefen gona, mu ci ganyen mu tufka igiya da bawon, ita ce ke hana ruwan Turawa zuba.

Yaran da suka zo bayansa suna kan zarto, shi yana rami. In an tashi cin abinci ba ya zama. Sai ya tsaya bayan masu yanka zare, hannuwansa na juyawa a iska yadda nasu ke juyawa. Ina ganinsa ta gefen ido. Ramin kuwa kullum ƙara matsawa yake wajen ginin.

Ranar da ya rage saura kaɗan, da la'asar ya zo gidan Ladi. Bai shigo ba, ya durƙusa bakin ƙofa ya fuskanci Ladi, ni ina gefe ina tsince wake. Ya ce, "Baba Ladi, ki gaya wa Yaya kada ta sa abin a ranta. Gobe rami zai kai. In an sallame ni sai mu koma tare, in kama gonar." Bai roƙe ni ba. Tarbiyyar Goggo ce, ba zai tambayi abin da ya san nauyinsa ba.

Da ya tashi wani abu ya faɗo daga aljihunsa bai lura ba. Guntun bututu ne da aka yar, ya naɗe bakinsa da rama. Na ɗauka na juya shi. Naɗin ya kwanta lumui, babu gashin da ya tashi, irin tufkar Goggo sak. Ba wanda ya koya mashi, daga tsaye ya ɗauka. Na riƙe guntun ƙarfen nan har aka kira magariba. Sannan na ce wa Ladi ta samo mani goro mai kyau, fari da ja.

Da safe na ɗaura zanena na kirki. Ladi kuwa ta riga ta shelanta wa rabin Zango, don haka da muka isa akwai 'yan kallo, Tanko na gaba-gaba, ya harɗe hannu. Yaron nan yana cikin rami yana sarar ƙarshensa. Na ajiye faifan goro gaban Masta, na ajiye sauran daddawar Goggo a kai. Na ce wa Ladi ta yi shiru tukuna, wannan ba sai an juya ba.

Na nuna ramin da hannu. Sannan na faɗa, da ƙarfi yadda na can baya ma zai ji. Wadda ke rubutun nan ta san sunan, na ubanta ne, ta sa shi da kanta, ni ba zan maimaita ba.

"Muhammadu Lawal. Ɗana ne. Ni na haife shi."

Digar ta faɗi. Yaron nan ya ja bakin rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa, ƙato da shi, a tsaye cikin rami. Tun da ya zo duniya bai taɓa jin sunan nan daga bakina ba. Masta bai kalle ni ba, yaron nan ya zuba wa ido. Ya daɗe. Sannan ya sa Ladi ta tambaye ni wace rana aka haife shi, don su Tonawa ranar haihuwa babban abu ce gare su. Na ce Talata, rana tsaka, ana yankan gero, a ɗakin Goggo na gabas, kuma a ɗaga ƙafarsa ta hagu a ga tabon kurkunu bisa idon sawu. Masta ya buga cinya. Ya ce shi ma ɗan Talata ne, ma'anar sunansa ke nan. Ya ce matar kasuwa tana iya haddace suna, amma babu yaron da zai yi wa matar kasuwa wannan kukan.

Al'adarsu a kawo kwalbar giya ranar karɓar yaro. Na ce mu ba mu taɓa ta, ga goro. Ya karɓa, ya sunsuni daddawar ya ce wannan ta matarsa ce. Sai ya buɗe akwatinsa ya ɗauko sifana, ƙatuwa mai nauyi, ya ɗora mani a hannu. Ladi ta ce wai ni zan miƙa wa yaron, hannu da hannu, haka ake yi. Ya fito daga ramin ya durƙusa gabana. Ba yadda za ka miƙa wa mutum ƙarfe kana kallon mangwaro. Na dube shi. Goshin ubansa ne, amma wushiryar ta babana ce, ban taɓa sani ba. Na ce, "Riƙe da kyau. Kada in ji an ce ka ɗauki ko ƙusa." Ya ce to, Yaya.

Da muka juyo Tanko ya ce lalle zai ba da labari a gida. Na ce ya bayar, ya haɗa da cewa na gaida uwarsa.

Ban tafi nan da nan ba. Na ci gaba da kai koko, don in ga ƙarshen abin da na fara. Ba a yi mashi sauƙi ba. Zaren farko da ya yanka ya karkace, Masta ya ɗaga shi sama ya nuna wa kowa, ya sa shi ya datse ya sake. Ya sake, ya sake, har tafin hannunsa ya fashe a kan tsohuwar kanta. Wata rana yana riƙe wa babba ludayi dalma ta fallatsar mashi a wuyan hannu. Na gani. Ban tashi ba. Da muka koma gida na ba Ladi man kaɗe na ce ta ba ɗan Goggo. Ta ce, "Au, mun koma ɗan Goggo?" Na ce da ma can ba mu tashi ba.

Da aka zo shimfiɗa bututu a cikin ramin da ya haƙa da hannunsa, Masta ya bar mashi gwiwar ƙarshe, inda ruwa ke karyawa ya hau cikin ginin. Nan ne ruwa ya fi bugawa, in haɗi zai yi yoyo a nan yake yi. Ya yanka, ya naɗa rama, ya shafa fenti, ya ɗaure. Ba a binne ramin ba sai an gwada. Ranar gwaji aka buɗe ruwa daga titi, bututun ya yi ƙara kamar mai gyaran murya. Masta ya bi layin da busasshen tsumma, duk haɗin da ya iso sai ya goge ya duba. Wani haɗin na wani babban yaro ya yi gumi, ya sha ranƙwashi. Masta ya iso gwiwar ƙarshe. Ya goge, ya duba, ya jira. Ya sake gogewa da bayan hannunsa. Sannan ya taka har gindin mangwaro ya miƙa mani tsumman. A bushe yake ƙamas. Ya yi magana, Ladi ta kwashe da dariya ta ce wai in na isa gida in gaida mashi da Goggo, ɗanta ya iya.

Can cikin ginin wani ya murɗa famfo, muka ji ruwa na dukan bokiti. Na ɗebi koko cike da ludayi na ƙara wa kowa, har da wanda ya sha ranƙwashi.

Dawowata tare da ayarin masu goro na yi, ba wanda ya ƙara cutata. Na tarar Tanko ya cika alkawari, labari ya riga ni. Mata na ganina a bakin rijiya suna rufe baki, wai na kira sunan ɗan fari gaban arna. Na bar su. Goggo kaɗai ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce gaskiya ne. Ta ce sau nawa? Na ce sau ɗaya. Ta ce to ya isa, ta ci gaba da kaɗinta.

Yaron nan ya ƙare shekarun koyonsa, Masta ya sallame shi da albarka da akwatin katako cike da kayan aiki. Turawa ba su kai ga tafiya ba ya dawo, En'e, wato hukumar sarki, ta ɗauke shi aikin ruwa. Da aka tashi kafa tanki a Kankia yana cikin waɗanda aka turo, shi ya ja bututun har bakin kasuwa. Baffan nasa, mai cewa aikin masai, ya wanke riga ya kai mashi ɗansa ya koya mashi sana'a. An gaya mani yaron nan ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, sannan ya ce zai karɓa, amma sai uwar yaron ta zo da kanta.

Wata ranar kasuwa na je Kankia sayar da kaji. Na bi layin mata a famfon, na murɗa da hannuna, na tara na sha. Wata tsohuwa daga ƙauye na kusa da ni tana ta sa albarka, ta ce ko wane ɗan halak ne ya yi wannan aikin, Allah ya jiƙan uwar da ta haife shi tun tana da rai. Ta juyo ta tambaye ni ko na san shi, ta ji an ce mutumin Ƙofa ne.

Na murɗe famfon sosai don kada ya ɗiga. Na ce, "Na san shi. Ɗan Goggo ne."